Kafin a sauke maka giyabos, a auna waya

1/ Zan faɗi wata magana, mai jin haushi ya ji: da yawa cikin giyabos ɗin otomatik da ake saukewa a garejojinmu lafiyarsu ƙalau. Waya ce ta tsinke, ko soket ya yi tsatsa. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kun san yadda abin yake. Mota ta fara buga giya kamar an dake ta ta baya, ko ta maƙale a giya ta uku, fitilar injin ta kama. Oga ya zaga da ita sau ɗaya ya ce, "Giya ta tafi, sai dai a sayo ta Beljiyam." Da me ka auna, Oga? Da kunne?

3/ Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki. Man giya ne ke matse farantan kuloci. Abin da ke daidaita wannan matsi shi ne solinoyid: ɗan kwayil na waya da ƙaramin bawul, a jikin balbodi. Birenbos ke ba shi wuta, yana ƙarawa yana ragewa gwargwadon yadda ka taka totur.

4/ A yawancin motoci, in wutar nan ta yanke matsin mai kan haura har ƙarshe. Da gangan aka tsara haka, don kada farantai su riƙa zamewa su ƙone. Wato bugun da kake ji, sau da yawa giya ce ke kare kanta. Ba mutuwa ta yi ba.

5/ Sai masu kwamfuta. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke zuwa da soket ɗin OBD2, an jona na'ura lamba ta fito. Amma karanta lamba daban, gane ta daban. P0700 ba ta faɗi ciwo ba, cewa kawai take je ka duba ɓangaren giya.

6/ P0748 na nufin matsalar wuta a layin solinoyid A. A LAYIN. Ya haɗa da birenbos, waya, soket da kwayil. P0962 wuta ta yi ƙasa, P0963 ta yi sama. P0746 da P0747 kuwa maƙalewar bawul suke nunawa, nan ne ake zargin dattin mai. Wanda ya haɗa su duka ya ce "canja solinoyid", canki-canka yake yi da kuɗinka.

7/ Ga tsarin da nake so ka nema. Farko batir da caji, don raunin wuta na jawo lambobin ƙarya. Sai fis da wayar at. Sai a zare soket ɗin jikin giyabos a duba: ruwa, koren tsatsa, mai, ko fil da ya lanƙwashe.

8/ Ku tuna inda motocinmu ke shiga. Ruwan damina har ƙofa, wankin injin da ruwa mai ƙarfi, ɓera cikin bonet, waya na gogar ƙarfe mai zafi, ga haɗin da wani ɗan rewaya ya murɗa da hannu ya naɗe da salatif.

9/ Sai mita. A auna kwayil daga soket. A Toyota da yawa, irin Camry da Corolla, littafin kamfani ya ba da om 5.0 zuwa 5.6 a zafin digiri 20. Kowace mota da nata adadin, a duba. Sannan a sake aunawa daga bakin birenbos. In can daidai, nan ba daidai ba, waya ce, shi ke nan.

10/ In matsalar tana zuwa tana tafiya, a girgiza wayar ana kallon mita, a kuma auna bayan mota ta yi zafi. Akwai kwayil ɗin da sai ya ɗumama yake yankewa.

11/ Don Allah a daina manna masa batir kai tsaye don a ji "ƙas". Bolt 12 a kan om 5 ya wuce amfiya 2, in an daɗe kwayil zai ƙone. Shi ya sa Toyota ta ce a sa ƙwan fitila mai wat 21 a tsakani.

12/ Mu ma masu mota da laifinmu. Mutum ya biya kuɗin giyabos bai yi ƙorafi ba, amma a ce ya biya kuɗin bincike na awa ɗaya sai ya ce "ai ba ka canja komai ba". To wa zai zauna yana aunawa kyauta? Araha ba ta ado.

13/ Ban ce giya ba ta mutuwa ba. In mai ya yi baƙi, yana warin ƙuna, ga garin ƙarfe a kasko, wannan wani zance ne. Amma in wayar motarka ce ta tsinke, ko sabuwa fil aka ɗora, bugun zai dawo tun kafin ka bar layin gareji.

14/ Tambaya uku kafin a kwance noti ɗaya: wace lamba ce ta fito? Om nawa ka samu? Ka auna wayar har birenbos? In ya kasa amsawa, karɓi makullinka. Tura wa wanda ka san ana shirin yi wa wannan aika-aika.