Baƙon Sauro A Tankin Ruwa: Wa Zai Gane Shi?

Idan kuka kawo yaro asibiti da zazzaɓi, aikinmu shi ne mu gwada jininsa, mu ba shi magani. Amma akwai tambayar da likita ba zai iya amsawa daga kan kujerarsa ba: wane irin sauro ne ya ciji yaron? Masu amsa wannan su ne masana rarrabe ƙwari, waɗanda ke wuni a kan madubin ƙara girma suna duba fiffike da ƙafa da bakin sauro. A duniya akwai nau'in sauro sama da 3,500, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya sa muka taso da maganar shi ne wani baƙon sauro mai suna Anopheles stephensi. Asalinsa daga kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. An fara ganin shi a Afirka a ƙasar Jibuti a 2012, shekarar da mutum 27 kacal aka samu da cutar a ƙasar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. Daga nan ya ɓulla a Habasha da Sudan a 2016, sai jihar Gombe a 2020, sannan Ghana da Kenya a 2022.

Sauron maleriya da muka saba da shi ya fi son kududdufin damina, shi ya sa cutar ke lafawa da rani. Wannan baƙon kuwa ɗan birni ne. A tankin ruwa yake hayayyafa, da randa, da duro, da ramin ruwan magina, wuraren da ba sa bushewa ko da bazara. A birnin Dire Dawa na Habasha cutar ta ɓarke a tsakiyar ranin 2022, kuma bincike ya danganta hakan da shi. Duk wanda ya san yadda muke tara ruwa a Kano ko Maiduguri ya san me wannan ke nufi.

To, ina masana rarrabe ƙwari suka shigo? Kundin da aka daɗe ana amfani da shi wajen tantance sauron Afirka ba shi da wannan baƙon a ciki, don haka ma'aikaci na iya kama shi ya rubuta masa sunan wani. Sai a 2020 Farfesa Maureen Coetzee ta Afirka ta Kudu ta sabunta kundin, ta sanya shi. Kuskuren suna ba ƙaramin abu ba ne, domin da suna ake sanin inda sauro ke kwana, da lokacin cizonsa, da maganin da ke kashe shi. An ga haka a aikin Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970: an yi ta feshi a cikin ɗakuna amma cutar ba ta yanke ba, kuma cikin dalilan har da sauron da ke hutawa a waje, inda feshin bai kai ba.

A ganina, nan ne muke da rauni. Sayen gidan sauro yana da farin jini wajen masu rabon kuɗi, amma horar da malamin da zai shekara goma yana koyon rarrabe ƙwari ba shi da shi. Haka ma ma'ajiyar ƙwari, irin wadda ke Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake soke su da allura tare da rubuta wuri da ranar kamu. Da irin wannan ajiya ake gwada kamun yau da na shekarun baya, a gane ko baƙo ne ko ɗan gida. Idan aka yi sake, danshi da gara suka cinye ta, ba ta dawowa.

Ku kuma a gida, ku rufe tanki da randa da duro ruf, ku riƙa juye ruwan kuna goge cikin mazubin duk mako, ku kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Kada ku naɗe gidan sauro don damina ta wuce. Kuma idan yaro ko mai juna biyu suka yi zazzaɓi da rani, kada a ce ai ba lokacin maleriya ba ne. A je a yi gwajin jini a ranar, kafin a sha kowane magani.