Iskar Hunturu Ba Ta San Iyaka Ba

Wata maƙwabciyata ta ce wai masu zanga-zangar ƙin gwajin bom ɗin nukiliya rashin aikin yi ne ke damunsu, kuma ina ruwan mace da bom? Haba 'yar'uwa! Ƙurar hunturun nan da muke sharewa tun daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, wadda ke shiga randa da hancin 'ya'yanmu, daga ina take tasowa in ba Sahara ba?

To, a cikin Saharar nan Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko, a Reggane ta ƙasar Aljeriya, ran 13 ga Fabrairu 1960. Zuwa 1966 sai da ta yi gwaji 17. Me ya hana ta yi a bayan gidanta? Tun 1959 wasu suka taso daga Accra don su hana, Faransawa suka tare su a hanya. A Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa. Su ma ɗin zaman banza ne ya ishe su?

Ni kam wallahi ina bayan masu ihun. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyashe mu, amin.