Iyaye, 'Ya'ya da Dogara ga Allah a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa a 'yan shekarun nan ya san cewa babbar tambayar da ke hana iyaye barci ba ta wuce guda ɗaya ba: yaron nan da ya fita, zai dawo? Tambaya ce da ba ta san masallaci ko majami'a ba. Amma a wannan makon ina so in dube ta daga ɓangaren da ba a cika jin muryarsa a wannan shafi ba, wato 'yan tsirarun Kiristocin da ke zaune a yankin, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa da iyalan jami'an tsaro. Ni ma mabiyin wannan addini ne, kuma uba, saboda haka maganar ta shafe ni.

Ba sai na tsawaita wajen tuna wa mai karatu dalilin fargabar ba. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Disambar 2021 an ƙona matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a kan hanya, daga baya aka kashe shi a hannun 'yan bindiga. Dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, manoma kuwa sai sun biya haraji kafin su taɓa gonakinsu. Idan sarki da rawaninsa bai tsira ba, me talaka zai ce wa ɗansa ɗan firamare?

A irin wannan hali, kalmar da aka fi faɗa wa iyaye a majami'a ita ce su miƙa 'ya'yansu ga Allah. Magana ce ta gaskiya, sai dai yawan maimaita ta ya sa wasu sun ɗauke ta tamkar gaisuwar jaje. Wasu kuma sun fahimce ta a matsayin umarnin naɗe hannu. A ganina duka biyun sun kauce wa abin da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa.

Tushen koyarwar shi ne cewa ɗa amana ne, ba mallaka ba. Labarin Hannatu ya nuna haka. Ta daɗe ba ta haihu ba, ta roƙi Allah da kuka, da ta sami Sama'ila kuma ta yaye shi, sai ta kai shi ɗakin sujada a Shilo ta bar shi a hannun Eli. Amma labarin bai tsaya nan ba: kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ta miƙa shi ga Allah, ba ta daina aikin uwa ba. Wanda ya gane cewa ɗansa na Allah ne tun kafin ya zama nasa yakan sami wani sauƙi, domin ya san ba shi kaɗai ke tsaron yaron ba. Sauƙin nauyi ne, ba sauke shi ba.

Labarin mahaifiyar Musa ya fi kusa da halin da Gobirawa ke ciki. Fir'auna ya ba da umarnin hallaka jarirai maza. Matar ta ɓoye ɗanta wata 3, da ɓoyo ya gagara sai ta saƙa kwando, ta shafe shi da kwalta don kada ruwa ya shiga, ta ajiye shi cikin kyauro a bakin kogi, 'yar'uwarsa kuma ta tsaya daga nesa tana lura. Dubi yawan dabarar da ta yi kafin ta bar sauran ga Allah. Haka Yusufu, da aka gargaɗe shi game da Hirudus, bai tsaya gwada ƙarfin bangaskiyarsa ba; cikin dare ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu suka yi hijira zuwa Masar. Nehemiya ma, da maƙiya suka yi barazana lokacin ginin garun Urushalima, ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana.

Saboda haka uban da ya ɗauke 'yarsa daga makarantar kwana marar katanga ya mayar da ita Sakkwato, ko uwar da ta hana ɗanta bin motar yamma, ba su gaza a bangaskiya ba. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan sarai, domin a koyarwarsu tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. A nan addinan biyu ba su saɓa ba.

Sai dai akwai tambaya mai wuya da ba zai yiwu a tsallake ta ba. Ina waɗanda suka yi addu'a, suka yi azumi, suka yi duk dabarar da ta dace, amma 'ya'yansu ba su dawo ba? Michael Nnadi, ɗalibin aikin limanci na Darikar Katolika ta Sakkwato, yana ɗan shekara 18 aka sace shi daga makarantarsu a Kaduna a Janairun 2020, aka sako abokansa uku, shi kuwa gawarsa aka tsinta. Leah Sharibu na cikin 'yan matan Dapchi 110 da aka sace a ranar 19 ga Fabrairun 2018; an mayar da mafi yawansu bayan wata guda, ita aka riƙe ta. Wa zai iya duban danginsu ya ce addu'arsu ce ta yi ƙaranci?

A nan nake jan hankalin wasu masu wa'azi da ke sayar da bangaskiya kamar laya, suna cewa in ka ba da baiko kaza ko ka yi azumi kaza, harsashi ba zai taɓa ɗanka ba. Wannan ba koyarwar Almasihu ba ce, kuma tana ƙara wa mai makoki ciwo a kan ciwo, domin tana sa shi zargin kansa. Ayuba yakan miƙa hadaya saboda 'ya'yansa a kai a kai, duk da haka ya rasa su 10 a rana ɗaya. Maryamu ta tsaya a gindin gicciye tana kallon ɗanta. Abin da Kirista ya dogara a kai shi ne cewa Allah bai yi nisa da mai wahala ba, kuma mutuwa ba ita ce ƙarshen labari ba. Wannan begen ba ya hana hawaye, amma yana hana fid da zuciya. Littafin Zabura cike yake da koke-koken bayin Allah, wanda ke nuna cewa kai kuka gare shi ma wani nau'in dogara ne.

Da Yesu ya hana almajiransa damuwa da gobe, ya kafa hujja da tsuntsaye da furannin jeji, bai ce gobe ba ta da haɗari ba. Nufinsa kada tsoron gobe ya cinye aikin yau. Wannan yana da amfani a aikace, domin yara suna karanta fuskar iyayensu fiye da yadda suke karanta allo. Gidan da ba a maganar komai sai ta 'yan bindiga yana renon yaro mai firgita. A gaya wa yaro gaskiya daidai da shekarunsa, a koya masa inda zai nufa in an ji harbi da lambar wayar da zai haddace, a yi addu'ar dare tare da shi, sannan a bar shi ya yi wasansa. Zumuntar mata da ta maza a majami'u su ma suna da aiki: su riƙa zagaya gidajen da aka yi rashi, su tallafa da kuɗin makarantar marayu, ba tare da tambayar addinin maraya ba. Ɗa na kowa ne.

Magana ta ƙarshe ta hukuma ce. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, amma aka ci gaba da kwashe ɗalibai, daga Jangebe zuwa Birnin Yauri zuwa Kuriga. Kada wani mai mulki ya laɓe a bayan haƙurin talakawa. Idan uwa ta ce ta bar wa Allah, ba ta yafe wa gwamnati alhakin da tsarin mulki ya ɗora mata na kare rayuka ba. Iyayen Sabon Birni da Isa, Musulmi da Kirista, sun yi nasu: sun saƙa kwando, sun shafe shi, sun tsaya suna lura. Saura waɗanda suka karɓi ƙuri'unsu su tsare bakin kogin.

Allah ya kare mana zuriya, ya dawo da waɗanda ke hannun miyagu, ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in muna raye.