BA FAIFAI NE YA CI AMANA BA

Kowace shekara, da zarar lokacin miƙa kundin digiri ya ƙarato, sai kuka iri ɗaya ya tashi a ɗakunan kwanan ɗalibai: kwamfuta ta ƙi tashi, faifan ajiyarta ya mutu, aikin wata tara ya salwanta. Haka kuma abin yake a ofisoshin gwamnati, inda akawu zai tafa hannu ya ce jerin albashi ko takardun fansho sun bi ruwa, wai don na'ura ta lalace. Daga nan sai jama'a su taru su yi jaje, a ce ƙaddara ce, kowa ya kama gabansa. To, 'yan'uwa ɗalibai, ni ban yarda da wannan jaje ba. Mutuwar faifai ƙaddara ce, babu shakka. Amma salwantar abin da ke cikinsa, mafi yawan lokaci, aikin hannunmu ne: sakaci kafin ɓarna, da garaje bayan ta auku.

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kansa. Tun 1956, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko, mai faranti 50, wanda bai ɗauki abin da ya wuce haruffa miliyan 5 ba, har zuwa yau tsarin bai sake ba. Faranti ne mai maganaɗisu yake juyawa, a kwamfutocinmu sau 5,400 ko 7,200 cikin minti ɗaya, sa'an nan wani ɗan kai mai karatu da rubutu yana shawagi a bisansa, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Abin da yake irin wannan gudu a cikin irin wannan ƙunci, ai ba a tambayar ko zai mutu, sai dai a tambayi yaushe. Ga zafi, ga faɗuwa daga kan tebur, ga wutar da ake ɗaukewa babu sallama. Wanda ya danƙa wa wannan abu aikinsa duka, bai ajiye kwafi a wani wuri ba, shi ya ci amanar kansa.

Faifai kuwa sau da yawa yakan yi gargaɗi. Kwamfuta takan yi nauyi, fayil ya ƙi buɗuwa, allo ya daskare, ko a ji wata ƙara ƙwas-ƙwas tana maimaita kanta. A cikin faifan ma akwai wani tsari da ake kira SMART, wanda yake lissafa guraben da suka lalace, kuma da manhajar kyauta irin su CrystalDiskInfo kowa yana iya duba shi cikin minti biyu. A 2007 ma'aikatan Google sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a jikin farantinsa, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye sau 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a wannan tsari ba. Watau ke nan, in ya yi gargaɗi ka gaskata shi, in ya yi shiru kada ka saki jiki.

Yanzu sai mu zo kan inda ake tafka ta'asa. Da faifai ya fara ciwo, me muke yi? Mu kashe, mu kunna, mu kashe, mu kunna, alhali kuwa idan kan nan ya riga ya taɓa faranti, kowane juyi ƙara kankare shi yake yi, abin da aka kankare kuma ya zama ƙura har abada. In hakan bai yi ba, sai a ruga wurin mai gyara. Shi kuma burinsa kwamfuta ta tashi a biya shi, babu ruwansa da kundinka. Sai ya share faifan, ya ɗora sabuwar Windows a kan guraben da babinka na huɗu yake kwance, ya miƙo maka yana murmushi. Wani ya saki CHKDSK a kan faifan da ke gargara, alhali wannan umarni rubutu yake yi a jikin faifai, yana tilasta masa aikin da ba shi da ƙarfinsa. Wani ya ce a sa shi cikin firiji ya kwana, ya manta cewa raɓa za ta kwanta a kan farantin. Wani ma, don ƙarfin hali, ya kwance murfin a shago cikin ƙurar hunturu, abin da masana ba su yi sai a ɗaki na musamman mai tace iska. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, garin neman gira a rasa ido.

Hanyar gaskiya ba ta da wuya, haƙuri kawai take bukata. Da farko a tabbatar faifan ne da ciwo: a sake waya, a sake kafar da aka soka shi, in na waje ne a gwada wani gida, domin sau da yawa laifin na nan ne. In yana ƙara, a kashe shi nan take, babu sauran abin da ɗalibi ko mai gyaran kasuwa zai iya, sai ƙwararru masu kayan aiki. In kuwa yana juyawa shiru, kwamfuta tana ganinsa amma yana ɗingishi, to aikin farko shi ne a kwafe shi ɗungurungum zuwa wani faifai lafiyayye wanda bai gaza shi girma ba. Akwai manhajar kyauta, GNU ddrescue, wadda take fara kwashe wuraren da suke da lafiya, ta tsallake masu wuya sai daga baya, tana kuma rubuta inda ta tsaya. Bayan haka sai a ajiye majinyacin, a yi aiki a kan kwafin da TestDisk ko PhotoRec. Kada kuma a kuskura a zuba abin da aka ceto a kan faifan da ake ceto daga gare shi. Masu sabon faifai irin na SSD su ma kada su yi dariya: nasu ba ya ƙara, amma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo.

Don a san cewa garajenmu ya fi haɗari ɓarna, a tuna da kumbon Columbia da ya tarwatse a 2003. An tsinci wani faifai nasa a ƙone a jihar Texas, amma da ya shiga hannun ƙwararru sai da suka ceto kusan kashi 99 cikin ɗari na abin da ke ciki. Faifan da ya faɗo daga sama ya tsira, namu da ya faɗo daga kan gado ya hallaka a hannun mai gyara!

Za a ce mini ɗalibi ba shi da kuɗin faifai biyu. Na ji. Amma kundin digiri nawa ne girmansa? Google tana ba kowa gigabait 15 kyauta, kuma aika wa kai babi ta imel kowace Juma'a bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita a taƙaice take: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka kama aikin gwamnati, naku nauyin ya fi namu, domin abin da ke hannunku haƙƙin talakawa ne. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ta cinye ma'ajin fayilolin ma'aikata mai terabait 858, wanda ba a yi masa kwafi ba. In ƙasa mai wannan ci gaba ta faɗa ramin, ina ga ofishin da tarihin aikin tsoho mai jiran fansho yake cikin kwamfuta ɗaya tak? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta nemi abu uku daga hukumar jami'a. Na ɗaya, a ba kowane ɗalibin ajin ƙarshe wurin ajiya a na'urorin jami'a. Na biyu, cibiyar kwamfuta ta keɓe tebur inda za a kwafe faifai mai ciwo kafin kowa ya taɓa shi. Na uku, kowane malami mai duba kundi ya riƙe kwafin babin da ya karɓa. Kafin su amsa kuwa, kai da ke karanta wannan, tashi ka kwafe aikinka yau. Jaje bayan sakaci ihu ne bayan hari.