Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na je gida, kuma ran Lahadi da misalin ƙarfe tara na safe na tsaya bakin ƙofar majami'armu ina kallon wani abu wanda na sha gani amma ban taɓa lura da shi ba. An tashi daga sujadar Turanci, za a shiga ta Hausa. Masu fitowa kusan dukansu samari ne da 'yan mata, 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata. Masu shiga kuwa iyayenmu ne da kakanninmu, wasu da sanda, kowa riƙe da tsohon Littafin Waƙoƙinsa. A bakin ƙofa aka gamu. "Ina kwana, Baba?" "Lafiya lau, ɗana, yaya karatu?" Shi ke nan, kowa ya wuce. Sai na tambayi kaina: in ban da wannan gaisuwa ta tsaye, yaushe rabon da ɗayanmu ya zauna da ɗaya daga cikin dattawan nan har ya koyi wani abu daga gare shi?

Ra'ayina shi ne, ikilisiya ɗaya ta zama biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma abin da ya faɗi tsakanin biyun shi ne renon da babba yakan yi wa yaro cikin bangaskiya. Laifin kuwa namu ne mu duka. Abokaina Musulmi masu karanta wannan mujalla ba za su ga maganar baƙuwa ba, gama kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa yake kiran mabiyan Yesu da ita, watau almajirai, ita ce dai wadda kowa ya sani a ƙasar nan: wanda ya bi malami, ya zauna wurinsa, ya yi masa hidima, ya ɗauki halinsa tare da karatunsa.

Haka abin yake tun asali. Joshuwa ya yi shekaru yana yi wa Musa barantaka kafin a danƙa masa jama'a. Elisha ya bar garmarsa ya bi Iliya. Bulus ya ɗauki Timoti yana saurayi, ya yi ta yawo da shi gari gari, sa'an nan ya bar masa kula da ikilisiyar Afisa. A wasiƙarsa zuwa ga Titus kuma ya ɗora wa tsofaffin mata nauyin koya wa ƙanana zaman gida. Duk cikin waɗannan, a kan hanya aka yi koyon, da wurin cin abinci, da lokacin wahala.

A nan Arewa ma ta wannan hanya aka fara. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, yara suna zaune wurinsa suna karatu, kuma da taimakon Hausawan da ke tare da shi aka yi aikin fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga wannan ƙaramar al'umma, wadda daga baya ta koma Wusasa, aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mutanen wurin ba su da yawa, ba su da dukiya, amma kowane yaro yana ƙarƙashin idon wani babba wanda ya san sunansa, ya san halinsa.

Ni kaina na ɗanɗana irin wannan reno, ko da yake ban san darajarsa ba sai da ya wuce. Akwai wani tsohon mai bishara a ƙauyenmu wanda karatunsa bai wuce na makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu yakan goya ni a kekensa in riƙe masa jaka. A wurinsa na ga yadda ake shiga gidan makoki, a zauna a yi shiru tukuna kafin a buɗe baki. Na ga ya sulhunta miji da mata ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na ga yana ƙirga baiko a gaban shaidu biyu, ko da kuɗin bai kai na cefane ba, ya sa kowa ya sa hannu. Na ga maƙwabtansa Musulmi suna kawo masa naman Salla, shi kuma yana aika musu da abincin Kirsimeti. Bayan na shiga jami'a, wata rana yana bayyana wata aya, sai na katse shi a gaban mutane na ce fassarar Turanci ba haka ta ce ba. Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, ka fi ni karatu, Allah ya ƙara." Bai sāke kirana yawo ba, ni ma ban je ba. Bara ya rasu. Mai yiwuwa a kan ayar ina da gaskiya, amma har yau ban san yadda ya shiga ƙauyuka bakwai ɗin da ya kafa majami'u a cikinsu ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Wannan shi ne laifinmu mu 'yan boko. Mun ɗauka wanda bai ji Turanci ba bai san kome ba. Muna zuwa gida da sababbin waƙoƙi da sababbin kalmomi, muna ganin sujadar iyayenmu ta yi sanyi, muna kiransu masu bin al'ada kawai. Mun manta da Rehobowam ɗan Sulemanu, wanda ya yar da shawarar dattawan ubansa ya bi ta abokan wasansa, har kabila goma suka balle daga mulkinsa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Digiri dai rimi ne, amma bai canja karin maganar ba.

Sai dai fa, iyayenmu, ku gafarce ni, ku ma da naku. A ikilisiyoyi da yawa aikin saurayi bai wuce jera kujeru da kaɗa ganga ba. Mutum ya gama karatun akanta, amma ba za a bar shi ya leƙa littafin kuɗi ba, in ya yi tambaya a ce ba shi da ladabi. Yarinya ta karanta aikin jinya, amma a Zumuntar Mata sai ta yi aure za a ji muryarta. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya kuwa, an rufe masa ƙofa ke nan. Ku tuna Bulus ya ƙi tafiya da Markus domin ya taɓa gudu ya bar su a hanya, amma Barnaba ya ɗauke shi ya tafi da shi Kubrus, har daga baya Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus saboda amfaninsa. Ku tuna kuma mishan na SIM ya iso ƙasar nan a 1893, amma sai a 1954 aka kafa ECWA ta tsaya da ƙafafunta. Kakanninmu sun san zafin jiran nan. Da suka sami iko kuwa ba su ji tsoron yara ba: a 1967 suka naɗa Byang Kato, mutumin Kwoi, babban sakataren ECWA yana da shekara 31. Ya rasu a 1975 yana da 39. Da an ce ya jira sai ya yi furfura, da ikilisiyar Afirka ba ta amfana da shi ba ko kaɗan.

Wani zai ce ai muna da ƙungiyoyinmu, kamar FCS wadda aka kafa a Gindiri tun 1957, ga tarurruka, ga wa'azi iri iri a wayar salula. Gaskiya ne, ni ma ɗan ƙungiya ne, kuma na ƙaru da ita. Amma a ƙungiya tsara ne yake koya wa tsara, kuma shugaban da ya fi kowa daɗewa shekara huɗu ko biyar ya yi. Mai wa'azi na waya kuwa bai san ka ba. Ba zai lura ka daina zuwa sujada ba, ba zai kira ka gefe ya ce yarinyar nan da kake nema ka bi a hankali ba, ba zai zo jana'izar mahaifinka ba.

Kada kuma mu ɗauka muna da lokaci. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara a Garkida a 1923, ta ga 'yan Boko Haram sun mamaye hedkwatarta a Kwarhi a 2014, majami'u da yawa sun ƙone, jama'a sun watse. Inda irin wannan ta faru, abin da ya rage na tarihin ikilisiya yana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Su ne kuma suka san zamanin da Kirista da Musulmi suke noman gayya tare, sanin da mu da muka tashi cikin rikici muke matuƙar bukata.

Don haka ga shawarata, ba ta kuma bukatar kwamiti ko kuɗi. Kowane ɗalibi a cikinmu, in ya je dogon hutu, ya zaɓi dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya, ya je ya ce, "Baba, ina so in riƙa raka ka gaishe da marasa lafiya," ko, "Mama, a ba ni labarin yadda aka fara Zumuntar Mata a garin nan." Ya tafi da littafin rubutu, ko ya nemi izini ya ɗauki muryar a waya. Aƙalla sau ɗaya a wata mu shiga sujadar Hausa, ko ta harshen garinmu, mu zauna kusa da su. Ƙananan ma'aikata da aka tura wani gari aiki su nemi uba ko uwa a ikilisiyar da suka tarar, kada su tsaya ga abokan ofis kaɗai. Dattawa kuma su ba matasa kujera a majalisa, su sa su aikin da ake iya yin kuskure a cikinsa, in sun yi kuskuren a gyara musu a ɗaki, ba daga kan bagade ba.

Hutu ya kusa. Ni dai na riga na aika wa matar marigayi mai bisharar nan cewa ina nan zuwa, domin ita ce take dafa masa guzuri duk sa'ad da zai fita, kuma mai yiwuwa ta tuna sunayen ƙauyukan. Kai ma, ɗan'uwa, akwai wani tsoho a garinku da ya san abin da ba ya cikin laburaren jami'a. Ka je tun yana iya ba ka labari.