Ƙwarin gwiwa ba a buhu yake zuwa ba



Da yawanmu da zafin bidiyon Facebook muke shiga kiwo, kuma zafin nan ba ya daɗewa. Kazar ƙwai sai ta yi sati 18 zuwa 20 tana ci kafin ta ba ka ƙwai ko ɗaya. Tarwada kuwa wata 4 zuwa 6 kana zuba abinci, kana canza ruwa. A tsakanin nan babu mai tafa maka. Cikin sanyin hunturu, ƙarfe 3 na dare, babu wanda zai taso daga Funtua ya zo Maska ya duba maka gawayin 'yan tsaki. Kai ne dai.

Shi ya sa nake ganin kula da zuciyarka ma aikin kiwo ne, kamar rigakafin Gumboro. Fara da abin da asararsa ba za ta hana ka barci ba: 'yan tsaki 50 da kuɗinka sun fi 500 da bashi. Sayi masara da waken suya da kaka, tunda a yankinmu ake noma su, kada tashin farashi ya ɗaga maka hankali. Riƙe littafi, kullum ka rubuta abincin da suka ci da waɗanda suka mutu. Ranar da ka karaya, lissafin zai nuna maka ko asara kake yi ko tsoro ne kawai.

Jiran tallafi ba ya cika kwanon kaji. Ka roƙi Allah, sannan ka tashi ka duba ruwansu.