“In ya buga sai in sa wani”: zare kan ƙaryar injin ajiya

1/ Jiya a majalisa wani ya sake faɗin maganar da ta ishe ni. Zai ɗaura wa E36 ɗinsa tabo, aka ce in injin ya buga fa? Ya ce “ai sai in sa wani a gida, kwana biyu ne.” Na ce ina injin yake? Ya ce Kofar Ruwa cike take. To malam, zare ne, ka gyara zama.

2/ Injin da ke shagon wani ba naka ba ne. Ba ka san lambarsa ba, ba ka ji kukansa ba, ba ka san farashinsa ranar da za ka buƙace shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, wa ya taɓa komawa kasuwar sifiya bayan wata uku ya tarar da kuɗin da ya bari?

3/ Kuma ranar da naka ya buga, kai ne mai neman taimako. Dila yana ganin fuskarka ya san motarka na kan dutse. A ranar ba ka da bakin ciniki, ba ka da haƙurin dubawa. Abin da aka nuna maka shi za ka ɗauka.

4/ Na gani da idona. Abokina, tare muka shiga aji ɗaya, 325i gare shi mai lafiya. Ya samo fayil a intanet aka zuba masa a birenbos, aka matsar da iyakar juyin inji sama. Sati uku yana jin daɗi. Wata Lahadi a filin wasa yana cikin juyi, allura a ja, sai ƙwas ƙwas ƙwas. Metal ya tafi.

5/ Ba asiri ba ne. Mota tana tafiya a karkace, bakin mai ya taru gefe ɗaya a kasko, famfo ya zuƙi iska. Lagireto kuma ba ya samun iska ta gaba yadda ya kamata, ga zafin Afrilu sama da digiri 40. Inji mai shekara talatin ka riƙe shi a ƙarshen allura, me kake jira?

6/ Cikin gaggawa ya sayo M50, aka rantse masa “daidai ne, ɗaurawa kawai.” Eh, M50 ne. Amma daga E34 aka ciro shi. Kaskon bakin man E34 a gaba tulunsa yake, na E36 a baya. Suka sauke shi ya zauna kan ƙarfen ƙasa ya ƙi shiga. Sai an canza kasko da bututun da ke zuƙo mai, har sandar awo.

7/ Kwana biyun nan ta zama wata bakwai. Motar na tsakar gidansu kan bulo, kaji na kwana a ƙasanta, Alhaji kullum in zai fita masallaci sai ya kalle ta ya kalle shi. Kuɗin rajistar zango na biyu a cikinta ya narke. Wannan ɓangaren ba a sa shi a bidiyo.

8/ Sunan inji ɗaya ba ya nufin inji ɗaya. M50B25 na farko ba shi da VANOS, daga 1992 aka sa masa. Birenbos ɗinsu daban, wayarin daban. Na farkon ma ba shi da na'urar da ke jin wuta ta tashi kafin lokaci ta ja taimin baya. Wato in fetur bai yi masa ba, ba mai cetonsa, fiston ne zai biya.

9/ Nan ne nake faɗa da masu sauke fayil. Wanda ya rubuta shi a Jamus ko Folan yana da zaɓi a gidan mai, 95 ko 98. Kai famfo ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha. Kun manta Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta mutuwa a titi? A kan wannan man kake son ƙara taimin.

10/ Sai masu cewa “ni M52 zan sa, 2.8, ya fi.” Madalla. Motocin da aka ƙera daga 1995 suna da EWS, makulli da birenbos sai sun gane juna kafin mota ta tashi. Ka sayo inji da birenbos ba makulli ba akwatin EWS, za ka yi ta bugawa har batir ya mutu. Rewayan da ya iya wannan ba a kowane layi yake ba, kuma ba kyauta yake yi ba.

11/ Ga kuma M52 na Turai na farko-farko, bulok ɗin alminiyom ne mai shafen Nikasil a cikin silinda, wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa. Mu kuwa shekara da shekaru irin man da muke sha ke nan. Tsohon M50 mai bulok ɗin ƙarfe ya fi shi jure wahala, shi ya sa masu tabo ke nemansa.

12/ Yanzu a zo kan “a gida”. Ni ba na cikin masu cewa ba zai yiwu ba. Zai yiwu sarai. Amma injin nan ya doshi kilo 200. Da me za ka ɗaga? Na ga an rataya cenbulok a reshen darbejiya, mutum kuma ya shige ƙasa yana daidaita sitin. Wallahi gabana ne ya faɗi. Jak kaɗai ba ya riƙe mota a shiga ƙarƙashinta, bulon siminti kuma fashewa yake ba sallama.

13/ Sifana mai auna ƙarfin ɗauri fa? Ko “ja har sai ka ji ya yi”? Kusoshin kan silinda na injin nan sau ɗaya ake ɗaura su, miƙewa suke, in ka buɗe sai sababbi. Kulochi tunda ka raba inji da giyabos lokacin canza shi ke nan. Famfon ruwa, tamostat, hos-hos, sil ɗin bayan kiranshaf. Duk ba sa cikin lissafin mai cewa kwana biyu.

14/ Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi, ban raina ta ba: in ka sayi inji ka ajiye, garantin da dila ya ba ka na 'yan kwanaki ne, zai ƙare injin na kan taya. Ranar da ka ɗaura ka tarar yana hayaƙi, wa za ka kama?

15/ Gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa an juya abin ne. Injin da ka sayo shi za ka ɗaura YANZU, tun garanti na da rai, tun motarka na tafiya. Naka na asali, wanda ka san kukansa, ka san yawan bakin man da yake sha, shi ne zai sauka ya zauna a ajiye. A kan baƙon za ka yi tiyunin ɗinka.

16/ Ka ga riba. In baƙon ruɓaɓɓe ne ka gane cikin sati ka mayar. In ya yi, ka matsa masa yadda kake so, ya buga ya buga. Abin da ke jiranka a gida inji ne da ka tabbatar da shi, da wayarinsa da sitinsa, ba tambaya.

17/ Kuma ka koyi aikin ba wuta a bayanka. Ka san wane soket ne ke wahala, wace kusar giyabos ce ta sama da hannu ba ya kaiwa, ka liƙa wa kowace waya takarda ka ɗauki hoto. Karo na biyu ne zai iya zama kwana biyu. Na farko ƙarya ne.

18/ Kafin ka biya: karanta lambar da ke jikin bulok da idonka, kar a karanta maka. Juya kiranshaf da hannu ka ji ko yana zagayawa sumul. Buɗe gidan filta, a sama yake, ka duba takardar a rana, in tana ƙyalli kamar an zuba kwalli ka tafi. A gwada kwamfireshan, silinda shida su zo kusa da juna. Dilan da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

19/ Ka karɓi rasit mai lambar inji a jiki. Takardun motarka wata lamba ke ciki, ranar da aka tsayar da kai a hanya, ko aka ce injin na sata ne, baki ba zai fitar da kai ba.

20/ Ajiyar ma aiki ce. Ɗan bakin mai a ramin fulogi, a toshe duk wata kafa da tsumma saboda ƙurar hunturu, a rufe wayarin don ɓeraye, a riƙa juya shi da hannu lokaci-lokaci. Ba a jefar da shi bayan gida damina ta wuce a kansa.

21/ Wani zai ce wannan ai na masu kuɗi ne, ɗalibi ina ya ga kuɗin inji biyu? To ɗalibi ina ya ga kuɗin tabo? In kana da na tabo da nozul da salansa mai ƙara amma ba ka da na inji, ba kuɗi ne babu ba, abin da ake gani a bidiyo ka zaɓa. Ni shekara guda ina gyaran wayoyi a hostel ina tarawa, ana yi min dariya wai motata ba ta tofa wuta.

22/ Nawa ya iso shekaranjiya, M50 mai VANOS, daga E36 aka ciro, kasko a baya, na duba da kaina. Garantin sati biyu aka ba ni, jarrabawata ta ƙarshe Alhamis. Asabar da safe za mu ɗaga. Ƙafafun ƙarfe uku na sa an walda min, saura cenbulok. Wanda ke da na tan ɗaya zai ba ni aro ya yi min magana ta ciki, akwai shayi da ƙosai.